Zare: "Zanen ma sai an biya? Ai baiwa ce"

1/
Jiya da dare wani abokina ya turo min saƙo: "Wannan yayan naka mai zane, ce masa ya zana ni da madam, Asabar ne bazday ɗinta." Na ce babu damuwa, zanen mutum biyu dubu 15 ne, rabi kafin a fara. Ya turo min fuskar dariya guda uku, ya ce, "Zanen ma sai an biya? Ai baiwa ce."

Tun jiya maganar ke cina. Ku gyara zama, zaren da tsawo 🧵

2/
Wanda ake magana a kai ɗan wan babana ne, Yaya nake ce masa. A wani ƙauye na ƙasar Kebbe aka haife shi, yanzu a Tambuwal yake zaune da matarsa da ɗiya ɗaya. Ba zan sa sunansa ba, ya hana ni.

Sana'arsa zane: hoton mutum, bangon littafi, tambarin shago, da labari cikin zane. Ba ya ƙarƙashin kowa, ba albashi. In aiki ya zo a ci, in bai zo ba a yi haƙuri.

3/
Da gawayi ya fara, a bangon zauren kakanmu. Har yau Inna na ba da labarin ranar da ta kama shi ya zana raƙumi da mai jansa tun daga ƙofa har kusurwa. Ta ce, "Wanga yaro, mi kaka yi da bangon mutane?" Ya sha dukansa. Amma raƙumin bai gogu ba sai da aka yi sabon yaɓe, don kowa ya hana a taɓa.

4/
A sakandare shi ke zana wa ajinsu duka zuciya da ƙoda da kifi a littafin bayoloji. Farashi: ƙosai biyar ko biro sabo. Taswirar Najeriya da ke bangon ajinsu ma shi ya yi.

Ku lura da wannan fa. Lokacin da yake yaro bai ƙware ba, ana biyansa, ko da ƙosai ne. Yanzu da ya ƙware ne aka daina.

5/
Da ya gama, ya zauna wurin wani mai rubuta allon shago a bakin titin Sakkwato zuwa Jega. Allon kemis, lambar babur, rubutun bayan mota, zaki da gaggafa a jikin a-kori-kura. Yana samun na cefane. Sai injin buga bana ya shigo gari, ka ba da hoto da safe ka karɓa da la'asar, kuma ya fi arha. Cikin shekara biyu fenti da buroshi suka zama tarihi. Maigidansa ya koma noma.

6/
Shi kuma ya koma waya. Android ta hannu, manhajar ibisPaint ta kyauta, da ɗan yatsa. Daga baya ya sayi alƙalamin taɓa gilashi. Malaminsa YouTube, ajinsa tsakar dare lokacin da data ke da sauƙi. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce ga yadda ake zana hannu. Ya ce min hannu kaɗai ya ci masa wata shida.

7/
Bari in faɗa muku abin da ke cikin "ɗan zanen nan" da kuke cewa a yi muku kyauta.

Zai fara da zayyana sama-sama ya turo ka gani. Sai ya bi layi ya tsaftace. Sai launi. Sai inuwa da haske, wanda shi ke sa fuska ta zama taka ba ta wani ba. Awa bakwai zuwa tara ke nan in mutum ɗaya ne. Sannan ka ce hancin ya yi faɗi, a ƙara wa madam haske, a canza launin mayafi. Gyara uku, huɗu.

8/
Duk wannan a gilashin da bai kai tafin hannu ba, a garin da wuta ke zuwa kamar baƙon da ba a sa rai. Kullum sai ya biya mai caji. Data kuwa kun sani, a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanoni su ƙara har kashi 50 cikin 100. Idonsa na ruwa yanzu, ya fara sa tabarau.

Baiwa ce, na yarda. Baiwar ce ke biyan mai caji?

9/
2021 ta kusa kashe sana'ar gaba ɗaya. A watan Yuni gwamnatin tarayya ta rufe Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, kuma a nan yake samun kwastomomin Legas da Abuja, waɗanda su ne ba sa gardamar farashi. A Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga.

10/
Ba na jayayya da dalilin tsaro, mu 'yan wannan yanki mun san abin da muke gani. Amma na ga Yaya da idona yana hawa mota zuwa Jega don kawai ya tura zane guda ɗaya ya dawo. Wata mata da ta ba shi aikin littafin yara ta jira mako biyu ba ta ji shi ba, ta ɗauka ya gudu da kuɗinta, ta ba wani. Da ya samu layi ya mayar mata da kafin-alƙalaminta.

11/
Sai kakar zaɓen 2023. Wani daga cikin yaran wani ɗan takara (kada ku tambaye ni wane, ko wace jam'iyya) ya zo har gida: "Malam, Honarabul ya ga aikinka, yana son ka zana shi da babbar riga." Yaya ya kwana uku a kai. Aka karɓa, aka yanke gefen da sa hannunsa yake, aka buga a fosta da riguna da jikin motoci.

12/
Kuɗi fa? Lokacin canjin takardun naira ne, tsabar kuɗi ta ɓace. "Mun yi tiransifa, netwok ne." Alat bai shigo ba har yau. Ƙarshen abin da aka ce masa: "In an ci zaɓe za a tuna da kai."

Mai buga fostar an biya shi. Mai manna ta an biya shi. Mai kiɗan da ya yi wasa a ƙarƙashinta an yi masa liƙi. Wanda ya zana fuskar ne kaɗai aka ce ya jira Allah.

13/
To ga abin da nake son faɗa. Matsalar mai zane a Tambuwal da Kebbe ba rashin hazaƙa ba ce, ba ma rashin kayan aiki ba ce a farko. Mu ne. Mun sa zane a ajin wasan yara, kuma abin da ka ɗauka wasa ba ka ciro kuɗi a kansa. Kalmar "baiwa" da muke yabonsa da ita, ita muke yanka shi da ita.

14/
Na san wani zai ce, "Ai ga Bulama nan, ɗan Arewa ne kuma ya yi suna." Madalla, mu yi maganar Bulama.

Mustapha Bulama, mai zanen barkwanci na jaridar Daily Trust. Shi ma ba zane ya karanta a jami'a ba, tattalin arziki ya yi, hannunsa ya koya wa kansa. Ya zana littattafan yara na Fatima Akilu da kamfanin Cassava Republic ya buga.

15/
Wanda ke nan a Satumbar 2020 ya tuna zanensa na bikin Hanan Buhari: uwargidan shugaban ƙasa na nuna hoton biki ga talakawan da ke cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Zane guda, ƙasa ta ɗauka. Wasu suka ce ya yi daidai, wasu suka ce ya wuce gona da iri, har mai magana da yawun Aisha Buhari ya fito ya mayar da martani.

Marubuta nawa suka yi dogon sharhi a makon nan? Wa ya tuna ko ɗaya?

16/
Amma ku duba abin da ke bayan Bulama: gidan jarida, edita, shafi da ke jiransa, da masu buga littafi da ke sa hannu a takarda. Wato akwai wurin da aka yarda cewa zane aiki ne, ana ware masa kuɗi. Hazaƙarsa tasa ce, babu mai ƙwace masa. Sai dai hazaƙa ta samu inda za ta tsaya.

Kujerun irin wannan guda nawa ne a duk Arewa? Ka ƙirga da yatsun hannu ɗaya.

17/
Mai zane a Dogon Daji ko Sanyinna ko Kuchi ba shi da edita. Editansa ni da kai ne. Albashinsa ni da kai ne. In mun ce "ai baiwa ce," to an rufe ofishin ke nan. Muna raba zanen Bulama muna cewa "Arewa akwai basira," sannan mu juya ga na unguwarmu mu ce ya yi mana kyauta. Wannan ba son zane ba ne, son banza ne.

18/
Kuma abin haushin, biyan mai zane ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Kafin a yi wa babbar riga aska takwas, akwai wanda ke zana fasalin a jikin yadin da tawada, sannan mai ɗinki ya bi. Ana biyansa. Hular da ke kanka, wani ya zana ta kafin a ɗinka. Ana biyansa. Mai zayyanar allon sauka ana biyansa. Maginin da ke fitar da dagi a fuskar soro ana biyansa, har a yi masa kirari.

19/
Kakanninmu ba su taɓa ce wa mai zanen riga "ai baiwa ce" ba. Mu 'yan boko masu iPhone ne muka ƙirƙiro wannan rowa, saboda zanen ya koma cikin waya, kuma mun saba duk abin da ke cikin waya sata ake yi ko a tura kyauta.

20/
Yanzu maganar da na san tana tafe a ƙasa: "Zanen mai rai haramun ne." Ba zan yi wasa da ita ba, don Yaya kansa bai yi wasa da ita ba. Hadisan gargaɗi ga masu yin sura suna nan a Bukhari da Muslim, babu mai musu. Akwai malaman da suka ɗauke su a kan duk wani zanen mai rai, kuma wanda ya bi su ya bar sana'ar, ina girmama shi.

21/
Amma a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, malamai sun bambanta mutum-mutumi mai jiki da inuwa, wanda shi ne haramcin ya hau kai tsaye, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa, wanda suka ajiye a matakin karhanci ko barinsa ya fi. Saɓani ne tsoho. Ka je wurin malaminka ka tambaya, kada ka karɓi fatawa daga zaren ɗalibi.

22/
Abin da ba zan karɓa ba shi ne wanda ke tuna hadisin a lokacin biya kawai. Ka kawo hoton budurwarka a zana, an gama, an ce kawo kuɗi, sai ka ce "ai ma dai abin nan babu kyau a addini." Malam, da haramcin ne ya dame ka da ba ka kawo hoton ba. Cin haƙƙin ma'aikaci kuwa babu saɓani a kansa a kowace mazhaba.

23/
Sai AI, ƙirƙirarriyar basira. Gaskiya ɗaya ce: ta ci masa kasuwa. Tun da su Midjourney suka fito a 2022, bangon littattafan da marubutan intanet ke ba shi ya ragu sosai. Marubuciya za ta rubuta layi biyu ta samu kyakkyawar mace da gogan namiji a minti ɗaya, kyauta. Ban ga laifinta ba, ita ma lissafi take yi.

24/
Sai dai ku kalli hotunan da kyau. Ka ce mata Bahaushe, ta ba ka Balarabe ko Ba'indiye da rawanin da babu mai naɗa shi a Sakkwato. Ba ta san wa ke fitar da kunne biyu a rawani ba, wa ba ya fitarwa. Ba ta san siffar rumbun ƙasar Kebbe ba, ko yadda mace ke ɗaura goyo in za ta shiga fadama. Za ta iya koya nan gaba, amma daga zanen wa za ta koya in babu wanda ya zana?

25/
Wannan ya kawo ni kan labari cikin zane, abin da Yaya ya fi so kuma bai taɓa samun ko sisi a kansa ba.

A Legas, Jide Martin ya kafa Comic Republic a 2013. Ana taron masu wannan sana'a duk shekara a can tun 2012. Kamfanin Kugali ya yi Iwájú tare da Disney, ya fito a 2024. Roye Okupe ya yi Iyanu, ya zama katun a Cartoon Network a 2025.

26/
Shi Roye Okupe ɗin yana da wani littafin, Malika, sarauniya mayaƙiya, wanda ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Ɗan Legas mazaunin Amurka. Ban zarge shi ba ko kaɗan, ya ga labari mai kyau a ajiye ya ɗauka. Tambayata gare mu ce: Zariya na da tsohuwar makarantar zane da ta koyar da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo tun ƙarshen shekarun 1950. Me ya hana Aminar ta fito daga hannun ɗan gida?

27/
Kuma ku dubi abin da ke zube a gefenmu kawai. Kanta na Kabi da ganuwar Surame. Nana Asma'u da 'yan taru, mata na tafiya ƙauye-ƙauye da karatu a ka. Hijirar Sarkin Musulmi Attahiru daga Sakkwato zuwa Burmi a 1903. Satiru a 1906. Su na Argungu. Kowanne littafi goma ne.

(Yaya ya ce shi ba zai taɓa zana fuskar Shehu ko ta 'ya'yansa ba, zai ba da labarin ta idon mai jan doki ko 'yar rakiya. Na ga hikima a nan.)

28/
"Ana fama da tsadar masara, wa zai sayi zane?" Tambaya ce mai kyau, kuma ba da manomin Margai nake ba. Da kai nake, mai karanta wannan da datar da ka saya. Kai da ka yi liƙin dubu biyar a dinar abokinka. Ke da kika biya mai kwalliya da mai hoto ba ki ce musu baiwa ce ba.

29/
Kuma an riga an gwada, ya yi. Ku dubi marubuta mata na Hausa a intanet. Ba su jira kamfani ba, ba su jira gwamnati ba. Su saki shafukan farko kyauta, in labari ya kama ki, ki tura ɗari uku ko ɗari biyar ko katin waya a sa ki a guruf ɗin WhatsApp, ko ki saya a ArewaBooks. Ana satar littattafan, ana faɗa, amma kasuwa ta kafu. Sun koya wa masu karatu cewa labari kuɗi ne.

Masu zane ba su yi wannan yaƙin ba tukuna.

30/
Don haka su ma ina da magana da su, har da Yaya, na faɗa masa a gabansa.

Kuna zubar da farashinku da kanku. Wani ya ce dubu 15, wani ya ce kawo dubu biyu, wani ya ce "ka yi min tagin kawai." Tagin ba ya sayen madara. Kuna fara aiki ba kafin-alƙalami saboda kunya. Kuna tura cikakken zane kafin a cika kuɗi.

31/
Ku san dokar da ke kare ku. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ce zane na wanda ya zana ne tun daga lokacin da ya zana shi, ba sai ya yi rajista ba. Mallakar ba ta komawa hannun wani sai da yarjejeniya a rubuce. Kana da haƙƙin a ambaci sunanka. Wanda ya biya kuɗin hoton ɗaki bai sayi izinin buga riguna dubu ba.

Ko a WhatsApp ne, rubuta: nawa, gyara sau nawa, a ina za a yi amfani da shi.

32/
Na ƙarshe gare su, kuma wannan zai yi zafi: ku rage kwafar katun ɗin Japan. Na san a nan kuka koyi hannu, ni ma na kalli Naruto har na kusa faɗuwa jarabawa. Amma in na ga Bafulatanar Tambuwal da ido rabin fuska da gashi shuɗi, ban ga abin da zan biya ba, don na Japan ɗin sun fi ku iya nasu. Abin da babu mai iya yi sai ku shi ne fuskokin kasuwarmu.

33/
Labarin da Yaya ke zanawa yanzu na wata yarinya ce 'yar masunta da ƙanenta, da suka baro ƙauyensu da dare bayan an kawo hari, suna neman hanyar gidan gwaggonsu. Babu mai tashi sama, babu mai ƙarfin tsiya. Akwai shafin da yaron ke tambaya ko akuyarsu za ta gane hanya ita kaɗai. Na karanta shi a ɗakin kwananmu a Danfodiyo, sai da na fita waje.

34/
Shafi 24 ne, ya gama 14. Kowane shafi kwana biyu in babu wani aiki a gabansa. Na yi masa lissafi: mutum 200 a naira 500, dubu 100 ke nan na aikin kusan wata biyu. Bai kai mafi ƙarancin albashi na dubu 70 a wata ba. Amma ya ce in ya ga haka zai fara na biyu.

35/
Abin da ya sa nake gaggawa: surukinsa ya yi masa tayin shiga harkar albasa a Aliero, ya ba shi zuwa ƙarshen kaka ya yanke shawara. Dattijon ba mugu ba ne, 'yarsa da jikarsa yake dubawa, kuma albasa ba ta cewa "netwok ne." Matar Yaya ba ta ce komai ba, wanda ni a wurina ya fi magana nauyi.

36/
Na ce masa, "Yaya, zan rubuta zare a kanka." Ya ce, "Kai dai yi karatunka, ƙanena, kada ka sa a ce ina bara." Na ce ba bara ba ce, talla ce. Ya ce to kada in sa suna, kada in sa lamba, sai ya gama shafi na 24.

Gilashin wayarsa ya tsage ta gefen dama tun makon jiya, yana juya ta yana zane ta hagu.

37/
Abokina na bazday ya sake turo saƙo ɗazu: "To dubu uku fa?" Ban amsa ba tukuna.

Ina da tes ƙarfe 8 na safe. Masu zane na Tambuwal, Kebbe, Yabo, Shagari, Bodinga, ku ajiye aikinku a ƙasan zaren nan tare da farashinku, kada ku ji kunyar rubuta shi. Zan bi ɗaya bayan ɗaya in na fito.